Shin Abuja jiha ce? Fashin baƙi kan yankin da ba shi da gwamna

Tun bayan zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ake ta maimaita tambaya ɗaya a gidajen rediyo da majalisun hira: shin Abuja jiha ce kamar Kano da Katsina, ko kuwa wani abu ne daban? Lauyoyi sun kai maganar har Kotun Ƙoli. Daga baya ta sake ɓullowa ta wasu ƙofofin, lokacin da rusau ya yi yawa a unguwannin talakawa, da kuma lokacin da malaman firamare na yankin suka shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a 2025, iyayen yara suna tambayar wa za su kai wa kuka tunda babu gwamna. Amsar a taƙaice ita ce Abuja ba jiha ba ce, amma kundin tsarin mulki ya ce a riƙa ɗaukar ta kamar jiha a al'amura da dama. A nan rikicin yake, kuma ba a fahimtar sa sai an koma ga ƙasar kanta, da mutanen da aka tarar a kanta, da zaton da aka yi game da su a 1976.

Birni daban, yanki daban

Idan aka ce Abuja, mafi yawan mutane Maitama da Asokoro da Wuse da Garki suke gani a ransu. Wannan shi ne birnin, kuma ɗan ɓangare ne kawai. Yankin Babban Birnin Tarayya gaba ɗayansa ya kusa murabba'in kilomita 8,000, wato ya fi Jihar Legas girma ninki biyu, ya fi Anambra, ya fi Imo. Jihar Neja ta kewaye shi ta yamma da arewa, Kaduna ta arewa maso gabas, Nasarawa ta gabas da kudu, Kogi kuma ta kudu maso yamma.

An raba shi gida shida, waɗanda ake lissafawa cikin ƙananan hukumomi 774 na Najeriya: Abaji, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali, da ƙaramar hukumar birni da kewaye da aka fi sani da AMAC. Birnin yana cikin AMAC. Sauran biyar ɗin, idan ka bar bakin kwalta, karkara ce sosai: gonakin doya da masara da dawa da rogo, rugagen Fulani, ƙauyukan da idan damina ta yi nisa sai da babur ake shiga. Arewa maso gabashin yankin, wajen Bwari, tuddai ne da duwatsu, kuma daga can ruwan famfon birnin yake zuwa, daga madatsar ruwan Usuma da ke kusa da Ushafa, wadda ake ƙara mata ruwa daga madatsar Gurara. Kudu maso yamma, wajen Kwali da Abaji, ƙasar ta fi kwari, ta fi zafi, kogin Gurara yana ratsa ta a hanyarsa ta zuwa kogin Neja.

Akwai kuma akasin wannan. Wurare da yawa da ake kira Abuja ba sa cikin yankin ko kaɗan. Mararaba da Masaka a Jihar Nasarawa suke. Suleja da Madalla a Neja suke. Hatta Dutsen Zuma, wanda ke jikin takardar naira 100 kuma matafiyi daga Kaduna yake ɗauka a matsayin alamar ya iso, a ƙasar Neja yake. Dubban ma'aikatan da ke cika titin Nyanya kowace safiya, aikinsu yana ƙarƙashin ministan Abuja, amma gidan da suke kwana, da makarantar 'ya'yansu, da asibitin da suke zuwa da dare, nauyin wani gwamna ne.

Abujar farko

Sunan ya girmi birnin da kusan shekara 150, kuma tarihinsa na Hausawan Zazzau ne. A farkon shekarun jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, rundunar Malam Musa ta ci Zariya. Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya fita da jama'arsa ya yi kudu, ya sauka wajen Zuba a ƙasar Koro. Ya ci gaba da gwabzawa har aka kashe shi a yaƙi kusa da Lapai a 1825. Ƙanensa Abubakar Jatau, wanda ake kira Abu Ja, ya gaje shi, kuma a 1828 ya kafa gari mai ganuwa da aka sa wa sunansa. Wannan masarauta ba ta taɓa shiga ƙarƙashin Daular Sakkwato ba har Turawa suka zo, kuma har yau mai riƙe da ita Sarkin Zazzau ake kiran sa.

Da aka zaɓi wurin sabon babban birni, masarautar ta ba da ƙasa mai yawa, ta kuma ba da sunanta. Tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan sarkin lokacin, Sulaimanu Barau, aka kuma bar shi a wajen iyakar yankin. A wannan tsohon garin ne Ladi Kwali, wadda ke bayan takardar naira 20, ta yi suna da ginin tukwane, ita kuwa haifaffiyar Kwali ce, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin yankin a yau. Tarihinta kaɗai ya isa ya nuna cewa iyakar da aka ja a 1976 ta ratsa tsakiyar al'umma ɗaya ce.

Hausawan Abuja ba su ne mafi yawa a ƙasar ba. Gbagyi, waɗanda muke kira Gwarawa, su ne suka fi yawa, sai Gade, Gwandara, Koro, Bassa, Ganagana, Egbira da wasu. Garki, Wuse, Maitama, Jabi, Utako, Mabushi, Durumi, duk sunayen ƙauyukansu ne kafin su zama sunayen unguwannin masu kuɗi.

Me ya sa aka bar Legas

A tsakiyar shekarun 1970 Legas ta cika ta batse. Ita ce babban birnin tarayya, ita ce hedikwatar jiha, ita ce tashar jiragen ruwa, ga ruwa ya hana ta faɗaɗa. Bayan yaƙin basasa kuma sojoji sun fara ganin hatsarin ajiye gwamnati a bakin teku, a ƙasar ƙabila ɗaya daga cikin manyan ƙabilu uku. A watan Agustan 1975 Janar Murtala Muhammad ya kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda. Kwamitin ya ba da shawarar a koma tsakiyar ƙasa. Ranar 3 ga Fabrairun 1976 Murtala ya sanar wa ƙasa, aka kafa yankin da Doka ta 6 ta 1976, daga ƙasashen jihohin Neja da Filato da Kwara na wancan lokacin, mafi yawa daga Neja. Kwana goma bayan sanarwar aka kashe shi.

Wani rukunin kamfanonin Amurka ne ya zana taswirar birnin, aka kammala a 1979, Kenzo Tange ɗan ƙasar Japan kuma ya tsara tsakiyarsa. Aikin ya yi ta tafiyar hawainiya a zamanin Shagari da Buhari. Yunƙurin juyin mulkin Orkar na Afrilun 1990, wanda ya kai farmaki har Barikin Dodan, fadar gwamnatin soja a Legas, ya sa Babangida ya gaggauta, kuma ranar 12 ga Disambar 1991 gwamnati ta tare.

Zaton da aka gina komai a kansa

Wannan ne gindin maganar, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Waɗanda suka tsara yankin sun ɗauka ƙasa ce kusan babu kowa a cikinta. Shirin farko shi ne a kwashe duk mazaunanta a sake musu matsuguni a wajen yankin da kuɗin gwamnati, domin birnin ya zama na kowa da kowa, babu ɗan gari babu baƙo. A kan wannan zato aka rubuta dokar. Idan babu ɗan asali, babu buƙatar gwamna, babu buƙatar majalisar jiha, babu gonar gado. Duk wanda ya zo yana da jiharsa da zai koma ya yi zaɓe.

Da aka shiga ƙidaya sai aka tarar da ɗaruruwan ƙauyuka, da jama'a da suka ninka abin da aka yi tsammani, kuɗin diyya kuma ya fi ƙarfin abin da aka ware. A 1978 gwamnatin Obasanjo ta sauya shawara: waɗanda aikin ginin birni ya shafa kai tsaye ne kawai za a tayar, sauran su zauna inda suke. An kai wasu Sabon Wuse a Jihar Neja, wasu aka kai su ɓangaren Filato na lokacin. Daga baya aka kai mutanen Maitama da maƙwabtansu Kubwa. A Garki kuma aka gwada barin ƙauyen a cikin birni. Manufar ta yi ta sauyawa daga gwamnati zuwa gwamnati, yau tayarwa, gobe haɗewa, jibi a koma tayarwa.

An sauya shirin kwashe mutane, amma ba a sauya dokar da aka rubuta domin ƙasar da babu mutane ba. Tamkar a ɗinka riga da awon jariri ne, yaro ya girma a ce ita zai ci gaba da sawa. Ƙidayar 2006 ta samu mutum miliyan 1.4 a yankin, kuma duk wanda ya ga yadda Lugbe da Kubwa da Gwagwalada suka bunƙasa tun daga lokacin ya san adadin ya wuce haka nesa ba kusa ba.

To, wa ke mulki?

Sashe na 299 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a yi amfani da tanade-tanaden kundin a kan yankin kamar ɗaya ne daga cikin jihohi. Sai ya raba ayyukan: ikon da majalisar dokokin jiha take da shi ya koma hannun Majalisar Tarayya, ikon gwamna ya koma hannun shugaban ƙasa, ikon kotunan jiha kuma ya koma kotunan da aka kafa wa yankin, wato Babbar Kotu, da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, da ta al'ada. Sashe na 302 ya ba shugaban ƙasa damar naɗa minista ya wakilce shi. Saboda haka gwamnan Abuja a doka shi ne shugaban ƙasa, minista kuwa aron iko yake yi.

A aikace, minista ya fi gwamnoni da yawa sakewa. Gwamna yana da wa'adi, yana da majalisar da za ta iya tsige shi, yana da ranar da zai dawo neman ƙuri'a. Minista mutum ɗaya ne ya naɗa shi, mutum ɗaya ne zai iya cire shi. Kasafin kuɗin yankin Majalisar Tarayya ce ke amincewa da shi, inda cikin sanatoci 109 ɗaya tak ne na Abuja, cikin 'yan majalisar wakilai 360 kuma biyu ne. Ma'ana, mutanen da ke yanke shawara kan kuɗin asibitin Kwali ko hanyar wani ƙauye a Kuje, kusan dukkansu ba su da mai zaɓe ko ɗaya a wurin.

Ƙarƙashin minista akwai hukumar gudanarwar yankin mai sakatarori na ilimi da lafiya da noma da sufuri, masu kama da kwamishinoni, tsarin da ya samo asali zamanin Nasiru El-Rufa'i, wanda ya riƙe kujerar daga 2003 zuwa 2007. Akwai hukumar FCDA mai gina tituna da sababbin gundumomi, da AGIS mai riƙe da bayanan filaye. Daga Mobolaji Ajose-Adeogun, ministan farko, zuwa Mamman Vatsa, Gado Nasko, Jeremiah Useni, Bala Muhammad, Muhammad Musa Bello, har Nyesom Wike da aka naɗa a watan Agustan 2023, babu ɗan asalin yankin ko ɗaya a jerin.

Wurin da mazaunin Abuja yake zaɓen mai mulkinsa kai tsaye shi ne ƙaramar hukuma: shugabanni shida da kansiloli 62. A nan yankin ya fi jihohi sa'a ta wani gefen. Da yake babu hukumar zaɓe ta jiha, hukumar zaɓe ta ƙasa INEC ce ke gudanar da zaɓen, shi ya sa ake ganin jam'iyyu daban-daban suna raba kujeru, ba kamar jihohin da jam'iyyar gwamna take kwashe komai ba. Sai dai ƙarfinsu kaɗan ne. Albashin malaman firamare da ma'aikatan ƙananan asibitoci yana wuyansu, manyan hanyoyin samun kuɗi kuma, musamman fili da harajin albashi, suna sama. Yajin aikin malamai na 2025 kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ya fito da wannan fili: shugabannin suka ce ba su da kuɗi, aka yi ta jan ƙafa, 'ya'yan talakawa suna gida, sai da minista ya sa baki aka koma aji.

Rikicin kashi 25

Sashe na 134 ya ce wanda zai zama shugaban ƙasa sai ya samu mafi yawan ƙuri'u, ya kuma samu aƙalla kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na dukkan jihohi da Babban Birnin Tarayya. A 2023 Peter Obi ne ya lashe Abuja, Bola Tinubu kuma bai kai kashi 25 a can ba. Masu ƙara suka ce sashen yana nufin Abuja sharaɗi ce mai zaman kanta. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe a watan Satumba, da Kotun Ƙoli ranar 26 ga Oktoban 2023, suka ce a'a: a wajen wannan lissafi ana ƙirga Abuja ne a matsayin ta 37, ƙuri'ar mazauninta ba ta fi ta ɗan Yobe ko Ebonyi nauyi ba.

A ganina hukuncin ya dace da hankali, domin ba zai yiwu yanki ɗaya ya iya rushe zaɓin ƙasa baki ɗaya ba. Amma 'yan asalin yankin sun ɗauki hukuncin sun juya shi zuwa tambayar da ta fi nauyi: idan ana ƙirga mu kamar jiha a ranar zaɓen shugaban ƙasa, me ya sa ranar zaɓen gwamnoni muke zaune a gida?

Fili: inda talaka ya fi ƙonewa

Sashe na 297 ya ce mallakar duk ƙasar yankin tana hannun gwamnatin tarayya. Kotuna sun sha fassara wannan da cewa babu haƙƙin mallaka na gargajiya a Abuja irin wanda ake da shi a karkarar jihohi, kuma minista ne kaɗai ke da ikon ba da fili. Wannan jimla ɗaya ita ce tushen hawaye da yawa.

Ga Bagwari, gonar da kakansa ya sare daji ya kafa za a iya ba wa kamfanin gina rukunin gidaje, abin da zai samu diyyar amfanin gona da itatuwa da gini ne, ba kuɗin ƙasa ba. Ga Bahaushe ko Ibo ko Bayarabe da ya zo neman abinci, ya tara kuɗi ya sayi fili a hannun mai unguwa ko da takardar ƙaramar hukuma, ranar da katafila ta zo za a gaya masa takardar ba ta da ƙarfi a doka. Haka aka yi a rusau na zamanin El-Rufa'i, haka ake yi har yanzu. Duk mai niyyar sayen fili a yankin, ko a Kuje ne ko a Bwari, ya fara zuwa AGIS ya bincika lambar filin kafin ya ba da ko sisi. Shaidar dattawan unguwa tana da daraja a zamantakewa, amma ba ta tsayar da rusau. Ko mai takardar minista ma bai gama tsira ba, domin akwai kuɗin ƙasa na shekara-shekara, kuma a 2025 hukumar yankin ta soke dubban takardun mallaka saboda bashin wannan kuɗi.

Hukuma tana da hujjarta, kuma ba hujjar banza ba ce. Idan aka bar kowa ya yi gini a kan magudanar ruwa da hanyar bututu da filin da aka ware wa makaranta, Abuja za ta koma abin da aka gudo daga gare shi a Legas. Inda hujjar take rauni shi ne, tsarin ya tanadi wurin zama ga babban ma'aikaci, bai tanadar wa direbansa da mai gadinsa da mai sayar masa da kayan miya ba. Su ne ke komawa Mararaba da Suleja da ƙauyukan cikin birni, su ne kuma ake fara rushewa.

Abin da kowane ɓangare yake so

Ƙungiyoyin 'yan asalin yankin suna neman a ba su matsayin jiha, ko aƙalla zaɓaɓɓen shugaba da majalisar dokoki, da ƙarin kujeru a Majalisar Tarayya. Suna nuni da cewa a rabon guraben aikin gwamnatin tarayya ana ware wa kowace jiha kashi 2.5 zuwa 3 cikin 100, su kuma kashi 1. Sun samu nasara ɗaya: a 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce suna da haƙƙin kujerar minista kamar kowace jiha, a 2023 kuma aka naɗa Zephaniah Jisalo, tsohon shugaban AMAC, ministan ayyuka na musamman.

Masu adawa da mayar da yankin jiha suna cewa hakan zai rushe dalilin kafa shi. Idan aka samu gwamna, za a samu ɗan gari da baƙo, za a samu rigimar takardar asali, kuma fadar shugaban ƙasa da ofisoshin jakadanci za su zauna a ƙasar wani gwamna da zai iya zama ɗan adawa. Wannan tsoro yana da tushe, musamman ga miliyoyin da aka haifa a Abuja ko suka tsufa a cikinta ba tare da sun fito daga ƙabilun yankin ba.

Sai dai zaɓin bai tsaya tsakanin jiha da halin da ake ciki ba. Birnin Washington na Amurka ba jiha ba ne, amma tun tsakiyar shekarun 1970 mazaunansa ke zaɓen magajin gari da majalisa. Yankin babban birnin Brazil yana zaɓen gwamna da sanatoci uku. Delhi ta Indiya tana da majalisar dokoki da babban minista, gwamnatin tsakiya kuma ta riƙe 'yan sanda da filaye. A nan nake ganin mafita ta fi kusa: gwamnatin tarayya ta riƙe tsakiyar birni da tsaro da taswira, a bar wa duk mazaunin yankin, ɗan asali da wanda ya zo, ya zaɓi waɗanda za su kula da makaranta da asibiti da ruwa da hanyar ƙauye, a kuma rubuta haƙƙin 'yan asali kan matsugunansu cikin doka maimakon barin sa ga ra'ayin kowane sabon minista.

Duk wani sauyi irin wannan sai an gyara kundin tsarin mulki. An sha gabatar da ƙudirin samar wa Abuja zaɓaɓɓen magajin gari a zagayen gyaran kundin, bai taɓa kai labari ba. Ƙa'idar gyaran tana buƙatar kashi biyu bisa uku na kowane zauren Majalisar Tarayya, sannan amincewar majalisun dokokin jihohi 24 cikin 36. Mutanen yankin suna da ƙuri'a uku kacal a matakin farko, a mataki na biyu kuma ba su da ko ɗaya, don haka dole ne su shawo kan 'yan majalisun Dutse da Makurɗi da Abakaliki da sauransu kafin maganar ta motsa.